Hujjojin samuwar Allah da koyarwar Buddha: yadda ake bitarsu kafin jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Ingila, ina ajin ƙarshe na GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare, kuma sauran mako shida mu zauna jarrabawar nazarin addinai ta hukumar AQA. Abubuwa biyu ne suka tsaya mini a wuya: hujjojin samuwar Allah da sukar da ake yi musu, sai kuma koyarwar addinin Buddha. Na haddace sunaye da kalmomi, amma a tambayar maki 12 ba na wuce shida. Kuma gaskiya hannuna yana nauyi idan zan rubuta maganar masu cewa babu Allah. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Makin nan shida da kike tsayawa a kai shi ya tona inda ciwon yake. A ma'aunin da AQA ke bai wa masu duba takarda, amsar da ta bi ra'ayi ɗaya kaɗai, komai kyanta, a mataki na biyu take tsayawa, wato maki 4 zuwa 6. Haka ma amsar da ba ta ambaci koyarwar addini ba. Maki 7 zuwa sama sai wanda ya kawo ra'ayoyi mabambanta, ya auna su, ya yanke hukunci da dalili. Ke nan ba haddarki ce ta gaza ba. Nauyin hannun nan ne yake cinye miki rabin makin.

Game da nauyin hannun, malamai sun daɗe da cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya shimfiɗa ra'ayoyin masana falsafa a littafi guda yadda su kansu suke faɗarsu, kafin ya zo ya rushe su a wani littafin. Mai duba takardarki ba imaninki yake aunawa ba. Abin da yake nema shi ne ko kin san inda kowace hujja ta dogara, da inda ake kai mata sara, da abin da masu ita suke mayarwa. Kuma a ƙarshe kina da damar yanke hukunci yadda kika yi imani, muddin kin nuna dalilin da ya sa ɓangarenki ya rinjaya.

Ki nemi kati ɗaya don kowace hujja. A fuskarsa ki rubuta hujjar hawa-hawa, kada ta wuce layi huɗu, kowane layi da lambarsa. A bayansa ki rubuta suka, amma kowace suka ki sa mata lambar layin da take sara. Wannan lambar ita ce dabarar. Mafi yawan ɗalibai suna rubuta "wasu ba su yarda ba" su wuce, alhali makin yana wurin wanda ya ce "wannan suka layi na biyu take rusawa, ba ta taɓa na farko ba."

Fara da hujjar sababi na farko, domin kin riga kin san ƙashinta tun daga gida ko da ba ki lura ba. Duk wanda ya yi karatun tauhidi a zaure a ƙasar Hausa ya gamu da maganar Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, cewa dalilin samuwar Allah shi ne fararwar duniya. Tsarinta: duk fararre sai da mai fararwa, duniya fararriya ce, saboda haka tana da mai fararwa wanda shi ba fararre ba ne. Turawa suna kiran wannan hujjar Kalam, daga ilimin kalam na Musulunci, kuma William Lane Craig ya farfaɗo da ita a 1979. Wadda littattafan karatunku suka fi ambato ita ce ta Thomas Aquinas, malamin Kirista da ya rayu daga 1225 zuwa 1274, hanya ta biyu cikin hanyoyinsa biyar: babu abin da yake zama sababin kansa, jerin sababai ba zai miƙe har abada ba tare da tushe ba, saboda haka akwai sababi na farko wanda babu abin da ya sabbaba shi. Akwai ɗan bambanci a tsakaninsu wanda ya kamata ki riƙe. Hujjar Kalam a kan mafarin lokaci ta dogara. Shi Aquinas yana maganar abin da komai ya rataya a kansa ne, kuma yana ganin hankali kaɗai ba zai tabbatar da cewa duniya tana da ranar farawa ba, wahayi ne ya faɗi haka.

Sukar da kowa ya sani ita ce "to wa ya sabbaba Allah?" Tana da ƙarfi ne kawai idan aka rubuta layin farko a matsayin "komai yana da sababi." Idan aka rubuta shi "duk abin da ya fara samuwa yana da sababi," tambayar ta rasa madafa, domin masu hujjar ba su ce Allah ya fara samuwa ba. Sai mai suka ya sake lale: in dai akwai abin da ba ya buƙatar sababi, me zai hana ya zama duniyar ce kanta? Wannan shi ne matsayin Bertrand Russell a muhawarar da ya yi da Frederick Copleston a rediyon BBC a 1948. Ya ce duniya tana nan ne kawai, kuma don kowane mutum yana da uwa ba ya nufin jinsin ɗan Adam gaba ɗaya yana da uwa guda. Akwai kuma suka ta uku da ɗalibai ke mantawa, alhali ita ta fi sauƙin jawo maki: ko an yarda da sababi na farko, hujjar ba ta nuna cewa shi mai rahama ne ko mai jin addu'a ba. Tana kai mutum bakin ƙofa ne, sauran sifofin daga wahayi suke zuwa.

Kada ki saka batun babbar fashewar farko da kimiyya ta ce sararin samaniya ya faro da ita, wadda masana suka ƙiyasta ta auku kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, a gefen masu suka kaɗai. Tana yanka ta ko'ina. Wanda bai yarda da Allah ba zai ce kimiyya ta bayyana mafari. Mai imani zai ce ai wannan ya tabbatar da layi na biyu ne, cewa duniya ta fara. Georges Lemaître, wanda ya gabatar da tunanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin Katolika ne.

Hujjar tsari ta William Paley ce, a littafinsa na 1802. Mutum yana tafiya a daji ya yi tuntuɓe da dutse, ba zai damu da yadda ya zo wurin ba. Amma in agogo ya tsinta, ya ga ƙafafun ƙarfe sun haɗu suna juya hannu don nuna lokaci, dole ya ce wani ya ƙera shi. Ido da fiffiken tsuntsu sun fi agogo tsari, saboda haka suna da mai tsarawa. Kalmar da ba a so ta faɗi daga amsarki ita ce manufa: ba yawan sassa ne hujjar ba, haɗuwarsu don cika wani aiki ne.

Nan ga wani kuskure da ake yawan yi. Ɗalibai suna rubuta cewa David Hume ya mayar wa Paley martani. Hume ya rasu a 1776, an buga littafinsa mai sukar hujjar tsari a 1779, shekara 23 kafin na Paley. Ki rubuta cewa sukarsa tana aiki a kan hujjar Paley, kada ki ce ya amsa masa. Abin da ya ce shi ne kwatancen bai zauna ba, domin duniya ba ta kama da inji sosai. Mun sha ganin ana ƙera agogo amma ba mu taɓa ganin ana ƙera duniya ba. Kuma jirgin ruwa mutane da yawa ke haɗa shi, to me ya sa mai tsarawa zai zama ɗaya? Sai Darwin a 1859 ya kawo bayanin yadda halitta ke samun kama da tsari ta hanyar tsiran wanda ya fi dacewa da muhallinsa. Amsar masu imani, irin ta F. R. Tennant a 1930, ita ce a ɗaga tambayar sama: dokokin da suka bari rayuwa ta yiwu, wa ya daidaita su? A takardar jigogi, wadda hujjojin samuwar Allah ke cikinta, an yarda ki kawo nassin addinin da kika sani. Ayar raƙumi a Suratul Gashiya, 88:17, da Zabura 19:1 mai cewa sammai suna shelar ɗaukakar Allah, sun ishe ki a nan. Ga sababi na farko kuma Suratut Tur, 52:35, da Farawa 1:1.

Hujjar mu'ujiza gajeriya ce: abu ya faru wanda dokar halitta ba ta bayyana shi ba, to wani a wajen dokar ya yi shi. Hume ya ce ya fi yiwuwa shaidu sun yi kuskure da a ce doka ta karye. Wasu kuma suna tambayar me ya sa a warkar da mutum ɗaya a bar dubbai. Ki lura cewa a mu'ujiza, da wahayin gani, da halitta a matsayin alamar Allah, manhajar tana so ki san matsayin Kiristanci da na marasa addini, don haka Musulunci kaɗai ba zai wadatar ba a waɗannan ukun.

Matsalar sharri ita ce suka mafi nauyi, kuma ita ɗalibai masu imani suka fi gaggawar tsallakewa. J. L. Mackie ya tsara ta a 1955 da maganganu uku da ya ce ba sa haɗuwa: Allah mai iko ne a kan komai, Allah mai cikakken alheri ne, kuma sharri yana nan. Raba sharri gida biyu tun daga farko, wanda mutum ya aikata kamar kisa, da wanda ba hannun mutum kamar girgizar ƙasa. Amsar zaɓin da aka bai wa ɗan Adam tana warware na farko, ba ta warware na biyu. In kin kawo ta a tambayar girgizar ƙasa kin harba a gefe. Na biyun yana buƙatar amsar John Hick, cewa wahala tana gina hali, ko koyarwar jarrabawa a Suratul Baƙara 2:155 da Suratul Mulk 67:2. Sannan ki yi adalci ki faɗi inda amsar take da rauni a idon mai suka: jaririn da ya mutu bai kai ga gina hali ba. Hujjar Anselm, mai cewa ma'anar Allah kanta ta ƙunshi samuwarsa, ba ta cikin wannan jigo a GCSE, sai a A-level, matakin da ke gaba da shi. Kada ki ɓata lokaci a kanta yanzu.

Yanzu Buddha. A nan matsalar daban ce. Wanda ya tashi cikin Musulunci ko Kiristanci yakan zuba koyarwar Buddha a mazubin da ya saba, sai ya rubuta cewa Buddha annabi ne ko abin bauta, nibbana aljanna ce, kamma hukuncin Allah ne, ruhu kuma yana ƙaura daga jiki zuwa jiki. Duka huɗun kuskure ne a jarrabawa. Buddha laƙabi ne mai nufin wanda ya farka. Sunansa Siddhattha Gotama, an haife shi a Lumbini, cikin Nepal ta yau. Al'adarsu ta ce ya ga tsoho, da majiyyaci, da gawa, da mai gudun duniya, ya bar fada yana ɗan shekara 29, ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa, ya ga hakan bai kai shi ko'ina ba, ya farka a Bodh Gaya yana da 35, ya yi wa'azinsa na farko ga abokansa biyar a Sarnath, ya rasu a Kushinagar yana da 80. Ba a tambayar tarihin don kansa. Ana tambaya ne don ki nuna abin da ya haifar: daga jin daɗin fada da azabar daji aka sami tafarkin tsakiya.

Kada ki haddace koyarwar a matsayin jeri-jeri masu zaman kansu. Zare ɗaya ne ya ɗinke su, wato paticcasamuppada: komai yana samuwa ne saboda wasu sharuɗɗa, in sharuɗɗan suka gushe shi ma ya gushe. Daga nan alamomin samuwa uku suka fito. Tunda komai ya rataya a kan sharuɗɗa masu canzawa, babu mai dawwama, shi ne anicca. Riƙe abin da ba ya dawwama yana haifar da rashin gamsuwa, shi ne dukkha. Mutum ma bai tsira daga wannan doka ba, saboda haka babu wani "ni" tabbatacce a cikinsa, shi ne anatta. Nassin da za ki riƙe shi ne Dhammapada, baiti na 277 zuwa 279.

Dukkha ba ciwo kaɗai ba ne, kuma fassara shi da "wahala" kawai yana rage miki maki. Iri uku ne: ciwon da kowa ya sani, da ɗacin canji kamar ƙarewar daɗi, da wani rashin natsuwa da ke ƙarƙashin rayuwa ko da komai yana tafiya daidai. Labarin Kisa Gotami yana ɗauke da anicca da dukkha a lokaci guda. Ɗanta ya mutu, ta zo wurin Buddha neman magani, ya ce ta samo ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida-gida, kowa yana da ƙwayar, babu gidan da bai yi rashi ba.

Anatta ita ce mafi wuya, sai ki ba ta lokaci. Mazhabar Theravada ta ce mutum tarin abubuwa biyar ne, khandha: jiki, da ji, da ganewa, da ƙudurorin zuciya, da sani. Malami Nagasena ya tambayi Sarki Milinda game da karusar da ya zo a ciki: ƙafafun ne karusar, ko sandar ja, ko gangar jikinta? Babu ɗaya. Karusa suna ne da ake bai wa haɗuwarsu, haka ma "Nagasena". Tambayar da za ta biyo baya ita ce, in babu ruhu me ake sake haifa? Amsarsu: ba wani abu ne yake ƙaura ba, sakamako ne yake ci gaba, kamar fitilar da aka kunna daga wata fitila. Ba wutar farko ba ce, ba kuma wata daban ba ce ɗungurungum. Kamma kuwa aiki ne da aka yi da niyya, yana haifar da sakamakonsa babu alƙali a tsakani.

Gaskiya huɗu ki riƙe su kamar aikin likita: cuta, da sababinta, da tabbacin ana warkewa, da magani. Sunayensu dukkha, samudaya, nirodha, magga. Sababin shi ne tanha, wadda asalin ma'anarta ƙishirwa, kuma guba uku ke ciyar da ita: kwaɗayi, ƙiyayya, jahilci, waɗanda ake zanawa a tsakiyar da'irar rayuwa da siffar zakara, maciji da alade. Nibbana na nufin mutuwar wuta, wato wutar waɗannan ukun, ba wani wuri ba ne da ake shiga. Tafarki mai rassa takwas ya fi zama a kai in kin raba shi uku. Sila ta ƙunshi magana, aiki da sana'a. Samadhi ta ƙunshi ƙoƙari, lura da tattara hankali. Panna ta ƙunshi fahimta da niyya. Uku, uku, biyu. Ba matakala ba ce da ake hawa ɗaya bayan ɗaya, tare ake raya su, shi ya sa alamarsa ƙafar keke ce mai sanduna takwas.

Duk inda kika ga tambaya ta nemi bambanci, Theravada da Mahayana ake nufi galibi. Ta farko ta fi ƙarfi a Sri Lanka, Tailan, Myanmar, Kambodiya da Laos, kuma burinta arhat, wanda ya kashe guba uku ya fita daga zagayen haihuwa. Ta biyu tana Sin, Japan, Koriya, Biyetnam da Tibet, burinta bodhisattva, wanda ya yi alwashin farkawa domin ya taimaki dukkan halittu. Ita ce kuma ke jaddada sunyata, cewa babu abin da yake da zatin kansa, da cewa kowa yana ɗauke da irin zama Buddha. Reshen Ƙasa Mai Tsarki kuma ya dogara ga kiran sunan wani Buddha mai suna Amitabha. Kada ki rubuta cewa arhat mai son kai ne kamar hukunci ne naki. In za ki ambata, ki ce suka ce daga wasu mabiya Mahayana.

Darussan biyu suna haɗuwa, kuma nan ne ake samun amsa mai maki 11 ko 12. Ɗauki tambayar da ta ce hujjar sababi na farko ta tabbatar da samuwar Allah. Bayan kin shimfiɗa Aquinas da Russell, ga irin sakin layin da ke ɗaga amsa: "Mabiyin Buddha zai ƙi layi na biyu, domin a koyarwar paticcasamuppada kowane sharaɗi yana da nasa sharaɗin, kuma ba a gano wa zagayen haihuwa mafari. Zai kuma kawo misalin wanda aka harba da kibiya mai dafi, ya ƙi a cire ta sai ya san wa ya harbe shi da irin itacen bakan, har ya mutu bai sani ba. Sai dai wannan misali bai rushe hujjar ba, ya nuna ne kawai cewa tambayar ba ita ce gaba ba a wurinsa. Saboda haka sukar Russell ta fi shafar hujjar kai tsaye." Jimla biyun ƙarshe su ne aunawa. Irinsu ake so a ƙarshen kowane sakin layi, ba sai a rufewa ba.

Mako shidan kuwa, biyun farko ki yi katunan, rana ɗaya hujja ɗaya ko koyarwa ɗaya, minti 30 ya isa. Ki rufe littafi ki rubuta daga ka, sannan ki buɗe ki gyara da jan biro. Sake karanta abin da kika ja wa layi yana sa ki ji kamar kin sani alhali ganewa ce kawai, ba tunawa ba. Mako na uku da na huɗu, tambayar maki 12 guda ɗaya kowace rana daga tsofaffin takardun da ke shafin AQA, ki duba kanki da ma'auninsu. Biyun ƙarshe, cikakkiyar takarda da agogo a gabanki. Kowace takarda awa ɗaya da minti 45 ce a kan maki 96, ban da 'yan makin rubutu da ƙa'idar harshe, wato kusan minti ɗaya ga kowane maki. Tambayar maki 12 ta samu minti 13 zuwa 15, biyun farko na tsara amsa a gefen takarda. Kalmomin Buddha kuma suna zuwa da harsuna biyu, Pali da Sanskrit, kamma da karma, nibbana da nirvana, dhamma da dharma. Duka ana karɓa, amma ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa, kuma ki rubuta anicca da anatta sau goma-goma a daren yau, domin su biyun ne aka fi musanyawa in lokaci ya ƙure.